Kosakawa: ƙabila ce ko sana'a? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan kalma ɗaya wadda ba tamu ba ce. Da farko na so in tura masu su wurin malaman tarihi, sai na lura rabin amsar tana cikin Hausarmu.

Wani ɗalibi daga Gusau ya rubuto: "Malam, tun da aka fara yaƙin Rasha da Yukren nake jin ana ambaton wasu mutane wai su Kosak. Abokina ya ce ƙabila ce, ni na ce sojoji ne. Wa ya yi daidai, kuma me za mu kira su da Hausa?"

To ɗana, kai da abokinka kowa ya taɓa gaskiya, sai dai kowa da zamanin da ya kama. Kalmar asalinta ba Rashanci ba ce. Daga harsunan Turkawa ta fito, inda "ƙazaƙ" ke nufin mutumin da ya fice daga ƙarƙashin sarkinsa ko danginsa ya faɗa jeji, yana ci da dokinsa da takobinsa. Tana cikin wani ƙamus na harshen Kumanawa, wani reshe na Turkawa, da aka rubuta a farkon ƙarni na 14. Na rubuta ta da ƙ saboda sautin asalin irin na ƙaf ɗin Larabci ne, wanda muke mayarwa ƙ a alƙali da ƙaddara. Rashawa suka ara suka ce "kazak", mutanen Yukren da Polan suka ce "kozak". Sunan Kazakistan ma daga wannan tushe yake, don kakanninsu sun ɓalle ne daga wani sarki a ƙarni na 15. Amma suna kawai ya haɗa su, ba jini ba, kuma a 1936 Tarayyar Sobiyet ta sauya harafin ƙarshe na sunan mutanen Kazakistan a rubutun Rashanci don a daina rikita su.

Arewa da Bahar Aswad akwai makeken fili na ciyawa wanda a ƙarni na 15 ba sarkin da ya riƙe shi da kyau. Polan da Lituweniya suna yamma, Mosko tana arewa, Tatarawan Kirimiya suna kudu, suna kai samame suna kama bayi. Mutane suka riƙa shiga wannan jeji kamun kifi da farauta da ɗibar zuma, kamar dai cirani, sanyi ya matso su koma gida. Sannu a hankali wasu suka daina komawa. Manoman da aka ɗaure da gonar mai ƙasa suka gudo, masu bashi da masu laifi suka biyo, har da 'ya'yan manya da hannunsu ya bushe. Wanda zai kwana a irin wannan wuri dole ya iya doki da bindiga. A 1492 sarkin Kirimiya ya kai ƙara wurin sarkin Lituweniya cewa Kosak sun far wa wani jirgin ruwa a kogin Dinifiro, kuma wannan na cikin ambato na farko da aka yi musu a wannan yanki.

Manyan rukunoninsu biyu ne: na kogin Don, da na Dinifiro waɗanda ake kira Zaforoziya, wato "bayan duwatsun kogi". Sansanin na biyun sunansa Sich, daga aikatau mai nufin sara, don da sararren itace aka kewaye shi. Bahaushe yana da kalmarsa tsaf: kafi, wadda garin Keffi ya samo suna daga gare ta. A cikin kafin nan ba a yarda mace ta shiga ba. Shugaba kuwa zaɓensa ake yi a da'irar taro, a kira shi ataman, in ya gaza a tuɓe shi. Ka ga a wannan zamani kai ne da gaskiya, ɗana. Shiga ake yi, ba haihuwa ba.

Daga baya ƙofa ta fara rufewa. A 1572 sarkin Polan ya sa aka rubuta sunayen mutum 300 a matsayin Kosak na gwamnati masu albashi. Daular Rasha ta kai abin ƙarshe: ta ba su ƙasa, su kuma su biya da aikin soja. Dokar 1875 ta ɗora wa kowane namiji shekara 20 daga ranar da ya cika 18, kuma shi zai zo da dokinsa da sirdinsa. Ɗa ya gaji uba, wanda ya zo yankin Don daga baya kuwa ana kiransa "ɗan wani gari" ko da a nan aka haifi kakansa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun kai runduna 11, jama'arsu ta haura miliyan 4. Nan abokinka ya fara samun gaskiya. Sai dai ƙabila, yadda muke fahimtarta, tana son harshe ɗaya da kaka ɗaya, alhali a cikin rundunonin nan akwai Kalmukawa da Buryatawa mabiya addinin Budda, akwai kuma Tatarawa da Bashkirawa Musulmi, ko da yake mafi yawa Kiristocin Otodoks ne.

Ga inda Hausa ta yi mana rana. Muna da ɗafa-goshin "ba-" da ɗafa-ƙeyar "-awa", kuma ba ruwansu da rarrabe gari da jini da sana'a. Bakano da Kanawa gari ne. Bagobiri da Gobirawa ƙasa ce da zuriya. Baduku da dukawa sana'ar fata ce da ake gada. Bafade da fadawa aiki ne a ƙofar sarki. Dubi Sarkawan Yawuri da Argungu: sunan daga Sorko yake, masuntan daular Sangai, yau Hausa suke yi, kuma in an ce wane Basarke ne an faɗi sana'arsa da asalinsa a numfashi ɗaya. Saboda haka ni zan ce Bakosake, Bakosakiya, Kosakawa. Kalmar tana ɗaukar abin da ya fara a matsayin aiki ya ƙare a matsayin gado, ba tare da ta tilasta mana raba gardamar da masu abin ba su gama rabawa ba.

Wata 'yar'uwa mai aikin fassara a gidan rediyo a Maraɗi ta ce: "Malam, tunda an ce ma'anar sunan mutum ne mai 'yanci, ko zan iya cewa 'yantattu?"

A'a, Malama, kada ki yi. 'Yantacce bawa ne da ubangijinsa ya 'yanta, da shaidu, sau da yawa don neman lada. Bakosake na farko ba wanda ya 'yanta shi, ƙafarsa ce ta fitar da shi.

Ki duba ma ita kanta kalmar 'yanci. Daga ɗa da 'ya ta fito, shi ya sa Sakkwatawa ke cewa ɗiyauci. A tunanin Bahaushe, mai 'yanci shi ne ɗan gida, wanda aka san ubansa, kishiyar bawa wanda aka rabo da nasa. In aka ce "wane ɗa ne", ana nufin yana da kunya da cika alkawari, ba zai zubar da mutuncin gidansu ba. Wato 'yancinmu na mai tushe ne. Na ƙazaƙ kuwa na wanda ya tsinke igiya ne ya bar tushen. Kalma ɗaya za ta fassara su a ƙamus, amma sun juya wa juna baya.

In kina neman wadda ta fi kusa da ma'anar farko, ni gagararre zan ba ki, wanda ya gagari hukuma. Ta dace da Stenka Razin da ya tayar da ƙurar tawaye a 1670, da Yemelyan Pugachev wanda ya girgiza Rasha daga 1773 zuwa 1775, har Sarauniya Katarina ta Biyu ta sauya wa kogin Yaik suna zuwa Ural don a manta da inda wutar ta tashi. A wannan shekara ta 1775 sojojinta suka rushe kafin Zaforoziya. Amma fa tun kafin nan wasu Kosakawa aikin sarki suke yi: Yermak ne ya buɗe wa Mosko hanyar Saiberiya a 1582. Zuwa ƙarni na 19 sun zama barade sosai, masu tsaron iyaka irin zaman ribaɗi, kuma su ake turowa da bulala a tarwatsa masu zanga-zanga, kamar yadda aka yi a 1905. Jikokin waɗanda suka guje wa bulala suka zama masu riƙe ta. Don haka ki tambayi labarin da ke gabanki wane ƙarni yake magana, sannan ki zaɓa tsakanin gagararru da barade. Sojan haya kuwa ki ajiye shi sai inda aka ce an biya su kuɗi su yi wa baƙon sarki yaƙi, abin da ya faru amma ba shi ne rayuwarsu ba.

Wani dattijo daga Zangon Kumasi ya aiko da tambaya mai ƙahoni biyu: "Mun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To waɗannan da suka bar gida, na wa ne yau, Rasha ko Yukren? Kuma suna da karin magana irin namu?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Karin maganar nan gargaɗi ce ga matafiyi, ba ta ce wanda gida ya bari ba zai kafa wani ba, kuma mutumin zango ya fi ni sanin haka. Bari in fara da ƙaho na biyu, don shi ne fagena.

Mutanen Don suna da magana: daga Don ba a miƙa mutum. Wato duk wanda ya gudo ya iso, ya tsira, ba a tambayar wa ya haife shi. Sun riƙe ta kamar doka har Sarki Bitrus Babba ya aiko a kamo gudaddu a 1707, abin da ya haifar da tawayen Bulavin. Suna kuma cewa: yi haƙuri Bakosake, wata rana kai ne ataman. Kunnen Bahaushe zai ji mahaƙurci mawadaci, amma akwai ƙari, domin maganar ba ta da ma'ana sai a inda ake zaɓen shugaba. Ta uku ta zo a baya, lokacin da ƙofa ta rufe: Bakosake daga Bakosake yake fitowa. Wannan ita ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai su sun mayar da ita katanga tsakaninsu da manomi Barashe. Ka jera ta farko da ta ukun, ka ga tarihinsu duka: mutanen da suka ce ba a tambayar asali sun wayi gari suna alfahari da asali. Ban ga abin zargi a nan ba, haka zuriya take kafuwa a ko'ina.

Na wa ne? A Yukren, Kosakawa su ne kakannin ƙasa. Bohdan Khmelnytsky ya yi wa Polan tawaye a 1648 ya kafa mulkin hetman, wato babban shugaban Kosakawa, sannan a 1654 a Pereyaslav ya yi wa sarkin Mosko mubaya'a. Har gobe ana jayayya kan wannan zama: malaman Rasha sun daɗe suna karanta shi a matsayin komawar ƙane gidan wa, na Yukren suna cewa ƙawancen yaƙi ne da aka ci amanarsa. Hetman Ivan Mazepa ya juya wa Rasha baya ya koma ɓangaren Siwidin aka ci su a Poltava a 1709, Cocin Rasha ya tsine masa, amma hotonsa ne a tsabar kuɗin Yukren ta 10, na Khmelnytsky a ta 5. Taken ƙasar ma yana rufewa da cewa su jinin Kosakawa ne. Kada a manta, Yahudawa suna tuna 1648 a matsayin shekarar kisan gilla da aka yi musu, don gwarzon wani dodon wani ne.

A Rasha labarin ya bi wata hanya. Yawancin Kosakawa sun yaƙi 'yan gurguzu bayan juyin juya halin 1917, sai a Janairun 1919 aka ba da umarnin murƙushe su, aka kashe, aka kora, aka ƙwace ƙasa. Dokar 1991 ta sanya su cikin al'ummomin da aka zalunta. A ƙidayar 2002 kimanin mutum 140,000 suka rubuta Kosak a gurbin ƙabila, a ta 2010 suka ragu zuwa kimanin 67,000, kuma hukuma ta lissafa su a matsayin reshen Rashawa. Wasu jikokin Don suna cewa su al'umma ce ta daban, wasu suna cewa su Rashawa ne masu tarihi na musamman. Akwai kuma ƙungiyoyin Kosak masu rajista da gwamnati, inda mutum zai shiga ya sa kaki ko kakansa bai taɓa ganin Don ba.

Wanda ya fi rikita mai son amsa ɗaya shi ne yankin Kuban. A 1792 Katarina ta ba ragowar mutanen Zaforoziya ƙasa a can, gefen Kokasus. Jikokinsu 'yan Rasha ne a yau, amma tsofaffin ƙauyukansu suna magana da wani karin harshe da ake kira balachka, wanda tushensa harshen Yukren ne.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani wanzami a Zariya da ya ga hotonsu: "Gashin nan da suke bari a kai, zanko ne ko tukku?"

Tukku ne, Sarkin Aska. Zanko layi ne da ke bin tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya, kamar na zakara. Nasu kuwa ana aske kai ƙwal a bar curi ɗaya a sama, ya yi tsawo har a naɗe shi a bayan kunne. Mutanen Zaforoziya ne aka sani da shi, ba na Don ba, kuma suna kiransa oseledets, sunan wani siririn kifin teku da suke ci da gishiri.