Tambaya da Amsa: Tsofaffin Rediyoyin Hannu, Yadda Ake Gane Su da Wanda Ya Fi Wani

Assalamu alaikum. A wannan makon na ɗan jingine tambayoyin waya da kwamfuta. Tun da na yi bayanin abin da ya sa waya ba ta kama FM sai an soka mata abin saurare na kunne, saboda igiyarsa ce eriyar, saƙonni suke ta shigowa a kan tsofaffin rediyoyi. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, domin a bencin gyaran rediyo na fara riƙe sukundireba. Ga waɗanda na zaɓo.

Daga Gusau: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar rediyo National Panasonic mai rigar fata. Da shi yake jin BBC da asuba tun muna yara. Rubutun bayansa ya goge. Yaya zan san sunansa da shekarunsa?

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin komai, kada ka jona shi da wuta tukuna.

Cire rigar fatar, sau da yawa lambar tana ƙarƙashinta. Duba cikin gidan batir da bayan murfinsa, duba ƙasan rediyon, sannan ka haska gilashin gaba da tocila, domin wasu a can gefe ake buga lambar da ƙananan haruffa. A kayan National, wanda ya fara da RF galibi yana da FM, mai R kaɗai ba shi da ita, RX kuma mai kaset ne. A na Sony, TR su ne tsofaffin farko, sai TFM, sai ICF.

In lambar ta ɓace gaba ɗaya, fuskar rediyon za ta ba ka labari. Idan ka ga an rubuta kc ko mc maimakon kHz da MHz, to tsoho ne sosai, domin a 1960 aka amince da sabon ma'aunin, kamfanoni kuma suka yi ta sauyawa a hankali cikin shekarun da suka biyo. Idan an yi ta alfahari da yawan transisto a gaba, takwas ko goma, shi ma alamar wancan zamanin ne, lokacin da transisto yake sabon abu. Rediyon Turai da FM ɗinsa ya tsaya a 100 ko 104 ya girmi wanda ya kai 108. Wanda aka rubuta wa W. Germany an yi shi kafin haɗewar Jamus a 1990. Na Amurka kuwa, in ka ga ƙananan alamu biyu masu kusurwa uku a kan 640 da 1240 na matsakaicin zango, an ƙera shi tsakanin 1953 da 1963, lokacin da gwamnatinsu ta ware waɗannan wurare biyu don sanarwar gaggawa idan yaƙi ya tashi.

Sunan National da Panasonic duk na kamfani ɗaya ne, Matsushita na Osaka. A Amurka wani kamfani ya riga su riƙe sunan National, shi ya sa suka shiga can da Panasonic, mu kuma aka riƙa kawo mana masu sunayen biyu haɗe. Sai a 2008 kamfanin ya koma Panasonic gaba ɗaya.

Turo mini hoton gaba, da baya, da na gilashin kusa-kusa. In Allah Ya so za mu gano shi.

Daga Kano: A majalisarmu gardama ta ƙi ƙarewa. Wani yana da National RF-2200, wani Sony ICF-5900, wani kuma ya ce duk yara ne a gaban Grundig Satellit. Raba mana, Malam.

Duka ukun manya ne, amma tunda kun nemi hukunci zan faɗi nawa.

Na farkon biyu abokan karawa ne na gaske. A tsakiyar shekarun 1970 aka yi yayin sauraren tashoshin ƙetare a Japan, har yaran makaranta suka duƙufa a kai, sai kamfanonin biyu suka shiga gasa. Sony ya fito da 5900 a 1975 a jerin da ya kira Skysensor, National ya mayar da martani da 2200, wanda a Japan ake kira Cougar, a Turai kuma DR22. Ku riƙe wannan, domin mutum kan ɗauka rediyoyi ne daban-daban alhali 2200 ɗin nan ne guda ɗaya da suna uku. 5900 da 2200 dukansu masu allura ne, ba lambobi, kuma dukansu suna sarrafa siginar gajeren zango sau biyu kafin ta zama murya. Amfanin haka shi ne rage abin da nake kira inuwar tasha, wato ka ji tasha ɗaya tana fitowa a wurin da ba nata ba tana danne wata.

Inda suka bambanta: 2200 yana da sandar eriya a kwance a kansa wadda ake ɗagawa a juya ta. Da ita za ka fuskanci tashar matsakaicin zango ba tare da ka juya rediyon ba, ko ka juya wa wadda ke damunka baya. Ga wanda ya saba neman Rediyon Kaduna a 594 da dare daga nesa, wannan sandar babbar ni'ima ce. Ya raba gajeren zango gida shida, don haka tashoshi ba sa cunkushewa, ga lasifikarsa mai kauri. Lagonsa maɓallan sauya zango: ƙura na shiga, sai ka ji tasha tana yankewa ko ta ɓace sai an jijjiga. Wankewa suke so da man feshin da aka yi don haka, ba bakin mai ba, ba kananzir ba. Shi kuwa 5900 ya fi ƙanƙanta da sauƙin ɗauka, amma neman tasha daidai a kansa sai an bi matakai, an saita babban maɓalli sannan a koma ƙarami. Wanda ya iya yana jin daɗinsa, wanda bai iya ba yana gajiya.

Grundig wani gida ne daban. Tun 1964 kamfanin, wanda a lokacin yake Fürth a Jamus, ya fara jerin Satellit, kuma abin da ya fi ba ƙarfi shi ne sauti. In aka kunna Satellit 2100 ko 3400 a zaure, muryar mai karanta labarai tana cika ɗakin kamar yana zaune tare da ku. Sai dai nauyi gare shi, ba na ratayawa a kafaɗa a tafi gona ba ne, kuma cikinsa akwai ganga mai juyawa da ke sauya zango, wadda in ta lalace ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa ta ba. Ku kuma lura, ba duk mai sunan Grundig ne ɗan Jamus ba. Satellit 800, alal misali, a Sin aka haɗa shi wajen shekarar 2000.

Ni dai da za a ce in ɗauki ɗaya, 2200 zan ɗauka. Amma 2200 mai datti a ciki ba zai kama ƙafar 5900 mai lafiya ba. Ku ajiye su gefe da gefe bayan magariba, da sababbin batura, a tasha ɗaya mai rauni, ku ji da kunnenku.

Daga Kaduna: Na ga Sony ICF-2001 a wurin mai kayan gwanjo. Ya ce shi ne 2001D da ake yabo, harafi ne kawai bambancin. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, ɗan'uwa, ko da shi ma bai sani ba. ICF-2001 na 1980 ne. Ya kafa tarihi, domin yana cikin na farko da mutum zai danna lambar tasha kamar kalkuleta ta fito. Amma ba shi da maɓallin murɗawa don neman tasha, kuma yana cin batir kamar gara. ICF-2001D ya zo a 1985, a Amurka sunansa ICF-2010, kuma an yi ta ƙera shi har wajen 2003. Za ka gane shi da jerin ƙananan maɓallai 32 na ajiye tasha da kuma maɓallin murɗawa a gefen dama.

Abin da ya ɗaukaka shi wani maɓalli ne da aka rubuta wa SYNC. Ka san yadda tashar nesa ke dushewa ta dawo, murya ta kakkarye kamar ana magana a cikin tulu? Wannan maɓallin yana riƙe tashar kada muryar ta wargaje, kuma yana ba ka damar karkata sama ko ƙasa don kauce wa maƙwabciyar tasha mai kutse.

In ka sami na gasken, gwada gajeren zango kafin ka biya. Akwai wani ɗan transisto a mashigar eriyarsa da ya yi ƙaurin suna wajen ƙonewa idan aka jona doguwar eriya ta waje. Walƙiyar damina na kashe shi, haka ma irin tartsatsin da ke taruwa a jikin waya lokacin busasshiyar iskar hunturu. In ya ƙone rediyon zai ci gaba da magana, FM lafiya lau, amma a gajeren zango ya zama kurma-kurma. Tafi da ƙaramin rediyonka ka gwada su tare. Gyaran ba shi da wuya ga mai hannu, amma sai a rage maka kuɗi.

Daga Damagaram: Rediyona na hannu ne daga Japon, na sa masa sababbin pil, amma FM ɗinsa daga 76 zuwa 90 ya tsaya. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Don cikin gidan Japan aka yi shi, kuma nasu zangon FM ɗin ke nan a lokacin. Duk tashar da ta haura 90 ba zai kama ba. Duba bayansa kuma: in an rubuta 100V, kada ka soka shi a wutarmu mai 220 zuwa 230.

Irin wannan na faruwa da rediyoyin da ɗalibanmu suka dawo da su daga Tarayyar Sobiyet. FM ɗinsu na gida yana tsakanin 65 da 74 ne. Sannan VEF 202 na birnin Riga, wanda aka yi don cikin gida, gajeren zangonsa bai wuce mita 25 ba, an cire 19 da 16 da 13. VEF 206 na fitarwa waje ne ke da su. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne a wurinmu, domin da rana tsaka tashoshin nesa a waɗannan mitocin suka fi fitowa, da dare kuma su gangaro 31, 41 da 49.

Daga Katsina: Na buɗe rediyon maigidana da ya daɗe a ajiye, na tarar batir ya zubar da wani farin gari. Na share na sa sabo, yana kamawa amma sai ƙara shuuu. In kai shi wurin 'yan gwangwan?

Don Allah Hajiya kada ki kai. Matsala biyu ce kika haɗa, kuma mai yiwuwa ta biyun ba daga rediyon take ba.

Farin garin nan, in batirin alkalin ne ya zubar, ki tsoma audugar goge kunne a ruwan khal ko lemun tsami ki goga a kan ƙarafunan, ki bi da wata mai ɗan ruwa, ki bar shi ya bushe sarai. In manyan baturan nan ne masu araha, nasu ruwan mai tsami ne, bekin soda da aka dama da ɗan ruwa ya fi dacewa da shi. Tsatsar da ta rage a kankare da lallausar samfefa. Ki wanke hannu bayan kin gama, kada kuma ya taɓa ido.

Ƙarar kuwa, fita da shi tsakar gida nesa da soket, ko ki jira a ɗauke wuta. In ta ɓace, to gidan ne ke da hayaniya. Lokacin da aka ƙera waɗannan rediyoyin babu cajar waya, babu ƙwan LED, babu inbata ta sola. Duk waɗannan suna watsa ƙara a matsakaici da gajeren zango, musamman jabun caja. Na sha ganin an yanke wa rediyo mai lafiya hukuncin mutuwa alhali caja ce a kusa da shi. In ƙarar ta biyo ki har waje, ko murya ta yi ƙasa-ƙasa tana gurnani, to kafasitocin ciki ne suka bushe saboda shekaru da zafi, mai gyara zai canza su ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a kawo kowace adafta a soka masa don bakinta ya shiga. Da yawa daga tsofaffin rediyoyin Japan tsakiyar bakinsu waya mai alamar ragi ce, akasin yawancin adaftocin yau, kuma juyin nan na iya ƙona shi nan take. Akwai ɗan zane kusa da ramin da ke nuna wace ce a tsakiya, da adadin bolt ɗin da yake so.

Daga Kumasi: Ƙaramin Kchibo ɗina an rubuta masa zango goma sha biyu, tsohon Philips na kawuna huɗu kacal. Ba nawa ya fi ba?

Yawan zango ba shi ne ƙarfin kamawa ba. Naka ya yanka gajeren zango ne gunduwa-gunduwa, kowane mita da gidansa, na kawu kuma ya haɗe su a gida ɗaya ko biyu. Naka ya fi sauƙin nemo tasha, ya fi sauƙin kuɗi, yana shiga aljihu, kuma irinsa ya kai labaran duniya rugage da ƙauyukan da babban rediyo bai taɓa zuwa ba. Ba na raina shi ko kaɗan. Amma na kawu yana da doguwar sandar eriya a ciki da babbar lasifika, don haka a matsakaicin zango da daɗin murya zai yi wuya naka ya kamo shi.

In Philips ɗin na farkon shekarun 1960 ne kuma wata rana ya yi shiru ɗif, kada ka yanke ƙauna. Leƙa ciki ka nemi ƙananan transisto masu rigar ƙarfe da aka rubuta wa AF114 zuwa AF117. Wasu siraran gashin ƙarfe ne ke tsirowa a cikinsu da shekaru har su haɗe wayoyin. Wani lokaci in aka ɗan ƙwanƙwasa rigar da bayan biro sai rediyon ya farka na ɗan lokaci, kuma da haka mai gyara zai san wanda zai cire.