Sunanka ya shiga takarda kafin ka ɗauki jinin kowa

Ka ce kana son binciken da zai kwatanta RDT, wato gwajin gaggawa na ɗigon jini, da maikiroskop wajen gano zazzaɓin cizon sauro, kuma wani likita ya ce ku haɗa kai, shi zai rubuta, kai ka karanta silaid, wato gilashin da ake shafa jini a kai a duba a maikiroskop. Sai kake tambaya mutum nawa za ka ɗauka. To, yarona, ba can ne matsalar take ba, amma bari in sallame ka da ita tukuna.

Adadin mutum 384 ɗin nan da duk ɗalibi ke kwafowa daga aikin wani, na binciken yawan masu cuta ne a cikin jama'a. Naka aikin auna ingancin gwaji ne, abin da kake buƙata shi ne isassun mutanen da ke ɗauke da ƙwayar da gaske. In ka fara a watan Maris a Kano, sai ka tara silaid tuli babu komai a ciki. Ka jira damina ta nutsa, daga Agusta zuwa Oktoba. Rinin Giemsa da ake rina silaid da shi ba zan koya maka ba, wanda bai san kashi 3 cikin 100 na minti 45 zuwa 60 da ruwan pH 7.2 ba, bai kamata ya sa farar riga ba. Abin da yaran yanzu ke tsallakewa shi ne mutum biyu su karanta kowane silaid, kowa bai san sakamakon ɗan'uwansa ba, bai san na RDT ba, in sun saɓa na uku ya raba gardama. Kuma ka tambayi mara lafiya ko ya sha magani kwanan nan, don HRP2, sinadarin ƙwayar cutar da RDT ke kamawa, yakan daɗe makonni a jini bayan ƙwayar ta mutu. In ba ka rubuta wannan ba, za ka ɗora wa gwajin laifin da ba nasa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na ba ka amsa. Wasu ma'aikatan lab biyu, ƙwararru, an zo musu da irin wannan daɗin bakin: "Ku taimaka mana, ai tare za mu fito." Damina guda suka yi suna zama bayan an tashi aiki, suna ƙirga ƙwayoyin cutar a kan fararen ƙwayoyin jini 200, ido na ruwa, wuta ta ɗauke su jira janareta. Da suka gama, suka ɗauki rajistar, kwafi ɗaya tak a duniya, suka miƙa hannu da hannu. Shiru. Bayan an kwana biyu takarda ta fito a mujalla da sunan likitan da yaransa, su kuwa layi ɗaya a ƙarshe, wai ana godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji. Ko sunayensu ba a rubuta ba. Suka kai kuka, aka ce su kawo shaida. Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike babu sunansu, tsarin aikin babu sunansu, rajista tana hannun wanda ya cuce su. Lokacin ƙarin girma ya zo, aka tambayi wallafe-wallafe, ba su da ko ɗaya. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai, don ƙwarewar da takardar ke tinƙaho da ita ta idanunsu ce.

Saboda haka kafin a huda yatsan kowa, sunanka ya shiga tsarin aikin da za a kai wa kwamitin, kuma ka riƙe kwafin takardar amincewa. Ku rubuta jerin sunayen marubuta tun yanzu, ko ta imel ce, kowa ya amsa. Ka sani kuma ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, da mujallu da yawa ke bi ba ta ba da suna don wahala kaɗai: sai ka sa hannu a rubutun ko gyaransa, ka amince da sigar ƙarshe, ka ɗauki alhakin abin da ke ciki. To, sashen bayanin yadda aka yi gwajin kai za ka rubuta shi, kada ka bar wa wanda bai taɓa haɗa rini ba.

Bayanai kuwa ka shigar da su kullum a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, kyauta ce, da lamba maimakon sunan mara lafiya, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Ku da waya ba ta barin hannunku, wannan bai kamata ya gagare ku ba. Ka koyi zana teburin gida huɗu, wanda ke jera sakamakon RDT da na maikiroskop, ka fitar da lissafin ingancin gwajin da kanka kafin ka kai wa masanin ƙididdiga. Duk mujallar da ta aiko maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka goge saƙon.

Ka kawo mini tsarin aikin ranar Litinin, shafin sunaye zan fara dubawa.