Amsa ga mai ciki wata bakwai da kai ke sara mata

Ƴar'uwa, kin ce cikinki wata bakwai, fuska da hannuwa sun kumbura, kai na sara miki kwana uku, wurin awo an ce tansiyonki, wato awon hawan jini, 16 da 11, amma a gida ana ce miki nauyin ciki ne kawai, ki jira awo na gaba. Don girman Allah kada ki jira. Yau ɗin nan ki tafi asibiti, ko da dare ya yi.

Ni a cikina na fari wannan hawan jinin ciki ya same ni, muna zaune wajen hanyar Tibiri. Zobena ya ƙi fita daga yatsa, sai da aka sa sabulu. Na riƙa ganin ƙyalli-ƙyalli a idona, ga zafi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, na ɗauka gyambon ciki ne. Ina tankaɗen gari da la'asar na faɗi. Sauran labari ba ni aka yi: na sandare, ina jijjiga, na taune harshe har jini ya jiƙa min riga. Aka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da tofi, wata ta cusa min cokali a baki. Sai da na yi sau uku kafin a nemo mota. Ban raina addu'a ba, amma da a cikin mota aka yi ta. Muna isa aka tarar mabiyiya ta ɓalle daga mahaifa, aka yi min aiki, aka fito da ɗana ba rai. Kwana biyu ban san inda nake ba, fitsarin da ke taruwa a roba bai kai rabin kofi ba, lokotoro yana tsoron ƙodata ta tsaya.

Daga baya ungozoma ta zaunar da ni ta yi min bayani. Hawan jinin ciki yakan bayyana bayan mako 20, daga 14 da 9, sau da yawa har da furotin a fitsari. In ya kai 16 da 11 irin naki, ya yi tsanani: yana iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye, yana taɓa hanta da ƙoda, yaro kuma ya kasa samun abinci ya tsumbure. Akwai allurar magnesium sulfate da ke tare jijjiga tun kafin ta zo, akwai maganin saukar da jini. Rage gishiri ko jiƙo ba sa warkar da shi. Haihuwa ce ke yanke shi, shi ya sa in sun ce za a ciro yaro kafin lokaci, ki yarda. Akan yi allurar da ke ƙarfafa huhun bakwaini.

Ki gaya wa mutanen gidanku: in kika faɗi, su kwantar da ke ta gefen hagu, kada su sa komai a bakinki, su nemi mota nan take. Bayan haihuwa ma a ci gaba da auna jini har arba'in, domin jijjiga na kama mai jego. Kunun kanwa kuwa ki ajiye shi.

A cikina na biyu tun wata uku lokotoro ya ɗora ni kan ƙaramar asfirin, ana auna ni a kai a kai. Yarinyar tana makaranta yanzu.

Ɗauki karnen awonki, wato takardar awon ciki, ki tafi da wanda zai iya ba da jini in an nema. In an kwantar da ke, ki sanar da mu. Allah Ya raba lafiya.