Da wuya birki ne, ƙafa ce ta makara

Wa'alaikumus salam, Malam. Alhamdu lillahi da ka fito lafiya, fiffike ma bai daki ƙasa ba. Ka ce ka sauko da Citabria, ƙaramin jirgin sama mai tayar wutsiya, tayoyi uku sun taɓa lafiya lau, sai hanci ya karkata hagu, ka taka fedar da ke juya hanci dama, ya kwaso dama da ƙarfi, ya yi katantanwa da kai cikin ciyawa. Tambayarka, ko birkin gefe guda ne ya kama?

A sa makaniki ya duba birkin da sifirin ɗin tayar wutsiya, amma ni ƙafa nake zargi.

Jirgi mai tayar gaba, irin Cessna 172, nauyinsa na gaban manyan tayoyi, ko ya sauka a ɗan karkace da kansa yake miƙewa. Naka kuwa nauyin a bayan tayoyin yake. Da zarar ya ɗan kauce, nauyin nan sai ya ja wutsiya waje yana neman wucewa gaba, karkatar ta yi ta ƙaruwa. Kamar tuƙa mota a ribas da gudu ne. Shi ya sa a Amurka hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ta ce sai malami ya sa maka hannu kafin ka tuƙa irinsa, sai fa wanda ya riga ya tuƙa kafin 15 ga Afrilu, 1991.

Abin da na fi gani wajen waɗanda nake zama a bayansu ina koya musu tuƙi shi ne, mutum ya taka feda ya danne, yana jiran hanci ya dawo tsakiya. Kafin ya dawo, jirgin ya riga ya ɗauki gudun juyawa ɗaya gefen, kuma juyi na biyu ya fi na farko muni. Taka-saki ake yi, kaɗan-kaɗan, da wuri. Ka ɗage ƙafa tun hancin bai iso tsakiya ba. Nakan ɗora tafin ƙafata a kan fedar baya in ji: wanda ya iya, fedarsa ba ta tsayawa, motsi take kamar ana kaɗa ta. Wanda zai ɓata, da taya ta taɓa sai in ji fedar ta mutu, ya sauke ajiyar zuciya. To daidai lokacin ne gudu ke raguwa, iskar da ke bi ta kan wutsiya ta yi kaɗan, feda ta rage ƙarfi.

Ba ka faɗi daga ina iska take ba. In daga hagu ne, ita ta tura wutsiyar, hanci ya nufe ta. Ka ja sandar tuƙi ta dawo cikinka gaba ɗaya don tayar baya ta kama ƙasa, sannan ka kwantar da ita ɓangaren iska, kana ƙarawa yayin da gudu ke raguwa. Idonka can ƙarshen titi, ba kan farfela ba.

In karkatar tana farawa ne, ɗan totur yana ba wutsiya iska, ko ka cika shi ka tashi ka sake zagayowa. In ta yi nisa, rufe totur, ƙara wuta ɓarna zai ƙara. Birki da ƙarfi kuwa kan kifa jirgi a kan hanci, farfela ta daki ƙasa, a kwance inji a duba.

Ka nemi malami ku je filin ciyawa tukuna. Ciyawa tana barin taya ta ɗan zame, kwalta ba ta yafiya. Kuma ka sa takalmi mai siririn tafi, da sau-ciki mai kauri ba ka jin fedar.