An ce rigar wayata abu ne a fili: in ɗaukaka ƙara?

Tambaya: Na ƙera sabuwar riga, wato rufin da ke hana lantarki zurarewa, ta wayar nan da lantarki ke ratsawa ba tirjiya idan an sanyaya ta matuƙa. Na nemi takardar mallakar ƙirƙira a Amurka, mai tantancewa ya ƙi. Ya ɗauko tsofaffin takardu biyu, ɗaya ta zaren gilashi, ɗaya ta shafen yumɓu, ya ce duk masanin fannin zai iya haɗa su. Ina da madafa?

Amsa: Injiniya, kana da ita, amma ba a bakin lauya take ba, tana cikin littafin gwaje-gwajenka.

Sashe na 103 na dokar ƙirƙira ta Amurka, wanda ya hana mallakar abin da yake a fili ga masanin fanni, shi ne ya tare ka. Kotun Ƙoli ta shimfiɗa ma'auninsa a shari'ar Graham da John Deere a 1966, sannan a 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, ta ƙara tsanantawa: in ka haɗa sanannun abubuwa, kowanne ya yi aikin da aka san shi da shi, da wuya a kira wannan ƙirƙira. Duk da haka, dole mai tantancewa ya faɗi dalilin da zai sa masani ya haɗa su yana sa ran nasara. Hangen bayan aiki ba hujja ba ne.

A nan fanninka yake taimakonka. Ɗauki misalin wayar da ake yi da ƙarfen niyobiyum da kuza. Gautsi gare ta bayan an gasa ta, shi ya sa ake naɗe ta da rigarta tukuna, a gasa kwanaki a zafin da ya kai digiri 650 a ma'aunin Celsius, daga baya a tsoma ta a ruwan hiliyum mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Roba ba ta kai labari a wannan tanda. Zaren gilashi yana jurewa, amma danƙon da ake shafa masa a masana'anta yakan ƙone ya bar baƙin gawayi, gawayin nan kuwa lantarki na bi ta cikinsa. Rigar da aka yi don tsare wuta sai ta koma yoyo. In rigarka ta magance irin wannan ta hanyar da masana ba su zata ba, ga hujjarka nan.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yi gaggawa. Hukumar sauraron ƙara ta ofishin ba da takardar mallakar ƙirƙira, wato PTAB, tana duba abin da ke cikin fayil ne, kuma da wuya a karɓi sabuwar shaida bayan an ɗaukaka ƙara. Fara shigar da takardar rantsuwa mai ɗauke da alƙaluman gwaji, ka gwada rigarka da wadda ta fi kusa da ita a tsofaffin takardun, kuma gwajin ya mamaye duk faɗin abin da kake neman mallaka.