Amsa ga mai shirin zuwa Farin Ruwa daga Bauchi a watan Agusta

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka cewa kai da abokanka kuna son ku tashi daga Bauchi ku je magangarar ruwa ta Farin Ruwa a cikin watan Agusta, saboda an gaya muku lokacin ne ruwan yake cika, kuma kana neman a bayyana maka hanya da abin da ya kamata ku riƙa. Na je wurin da damina, na kuma je da kaka, kuma na daɗe ina yawon duwatsu a yankinmu, musamman wajen Tula da Kaltungo a jihar Gombe. Shawarar da zan fara ba ka ita ce ku ɗaga wannan tafiya zuwa ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba.

Waɗanda suka ce maka ruwan ya fi cika a Agusta ba su yi ƙarya ba, amma akwai abin da ba su gaya maka ba. Farin Ruwa yana cikin ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, daf da iyakarta da jihar Filato, kuma ruwan yana gangarowa ne daga tsaunukan Filato kafin ya faɗo daga tsayin da ake ƙiyasta shi da kimanin mita 150. Ke nan ruwan da zai same ku a cikin kwarin ba lallai ne ya zama wanda aka zuba a kanku ba. Ana iya tafka ruwa can sama a wajen Bokkos ta jihar Filato alhali inda kuke tsaye rana ce tas, babu ko alamar hadari, sai bayan wani lokaci duk abin da duwatsun suka tara ya taho ta hanya ɗaya, wato ta kwazazzabon da kuke ciki. Yuli da Agusta su ne tsakiyar damina a Filato, ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta ƙara shan komai, saboda haka kusan duk ɗigon da ya sauka gangarowa yake yi. Na taɓa ganin irin wannan a wani ƙaramin rafi cikin duwatsun Tula: mun ƙetare shi da safe ruwan bai wuce idon sawu ba, da muka dawo bayan azahar ya zama jan ruwa mai ɗauke da itatuwa, muka zauna a gaɓa har ya sauka. Wannan rafi ne da yara suke wasa a cikinsa, balle kogin da yake zubowa daga saman Filato.

A ƙarshen Oktoba kuwa ruwan sama ya ɗauke ko ya kusa, amma kogin yana nan da ƙarfinsa, ganye bai bushe ba, kuma ƙurar hunturu ba ta rufe sararin sama ba tukuna. Idan kuka bari sai Maris, za ku sha zafi a hanya sannan ku tarar ruwan ya ragu ƙwarai.

Game da hanya, daga Bauchi zuwa Jos kusan kilomita 130 ne, daga nan ku kama hanyar Akwanga ta Hawan Kibo, sannan ku juya zuwa Wamba. A Hawan Kibo ɗin akwai magangarar ruwa ta Assop a kusa da titi, wadda za ku iya tsayawa ku gani ba tare da wahala ba, kuma idan a cikinku akwai wanda bai taɓa taka jiƙaƙƙen dutse ba, can ya kamata ya fara gwadawa. Daga Wamba zuwa wurin kimanin kilomita 30 ne, sai dai kada wannan adadi ya ruɗe ku, domin ƙarshen hanyar ba kwalta ba ce, kuma da damina taɓo yana iya riƙe ƙaramar mota. Ku kwana a Akwanga ko Wamba, ku yi sammako bayan sallar asuba. Kada ku yi tunanin zuwa da dawowa Bauchi a rana ɗaya, kada kuma ku yi tafiyar dare a wannan hanya. Kwana ɗaya ko biyu kafin ku tashi, ku tambayi direbobin tasha da mutanen Wamba halin da tsaro yake ciki, domin labarin watan jiya ba ya amfani a irin wannan.

Ka ce tunda wurin na gwamnati ne ba ku buƙatar izinin kowa. Gaskiya ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, amma hanyar da za ku bi ta ratsa gonakin mutane ne, kuma su ne za su fito nemanku idan wani abu ya faru. Ku fara zuwa wurin mai unguwa ku yi gaisuwa, ku faɗi ko ku su wane ne da yawanku, ku nemi a haɗa ku da ɗan jagora daga cikin samarin ƙauyen, ku daidaita kuɗinsa tun kafin ku ɗaga ƙafa. Idan akwai kuɗin shiga ku biya. Mu da muka saba da Yankari mun san ba a barin baƙo ya kutsa daji ba tare da ma'aikaci ba, to a nan ɗan ƙauyen shi ne ma'aikacin naku. Ya san maƙetarar da ba ta da zurfi, ya san dutsen da yake da santsi, kuma idan ya dubi ruwa ya ce a koma, ku koma ba tare da gardama ba ko da kuna hango farin kumfar a gabanku.

Kayan tafiya ba su da yawa. Kowa ya sa kambas mai kama ƙasa da dogon wando, banda silifas da takalmin fata. Kowa ya ɗauki ruwan sha aƙalla lita biyu zuwa uku, da dabino da ƙuli-ƙuli ko kilishi, da ƙullin gishiri da sukari irin na kemis saboda wanda zufa za ta galabaitar, da tocila, da leda ta naɗe waya. Kada ku dogara da sabis ɗin waya a cikin kwari. Ku bar wa wani a gida bayanin inda kuka nufa da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku. Ledoji da robobin da kuka shiga da su, ku fito da su.

Dogon wandon nan saboda maciji ne. Duk ɗan Gombe ya san abin da ya sa ake da asibitin masu saran maciji a Kaltungo, kuma lokacin kaka, wanda nake ba ku shawarar tafiya a cikinsa, lokaci ne da ake yawan gamuwa da kububuwa a gona da gindin duwatsu. Kada kowa ya zura hannu a kogo ko ya taka inda idonsa bai gani ba. Idan aka sari mutum, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Idan kun isa, abin da na fi jin tsoro ga matasa shi ne ɗaukar hoto da wanka. Feshin ruwan yana jiƙa duwatsun da ke kewaye dare da rana, gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu kamar an zuba miyar kuɓewa, kuma mai neman hoto baya yake ja ba ya duban ƙafarsa. Gurbin da ruwan yake faɗawa kuma ba irin Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin Yankari, ba ne, inda ruwa yake kwance da ɗumi kana ganin yashin ƙasa. Nan ruwan sanyi ne mai juyawa, cike da kumfa, kuma ruwan da ya cakuɗa da iska ba ya ɗaga mutum sama yadda ruwan kwance yake yi, shi ya sa ko gwanin iyo yana iya nutsewa a ciki. Ku yi alwala a gefe inda ruwa ya lafa, ku tsaya inda ɗan jagora ya nuna muku.

Ko a Oktoba ɗin ma ku riƙa lura da launin ruwan. Idan kuka ga ya fara ja, ko yana zuwa da ganye da ƙirare, ko ƙararsa ta canja ta yi nauyi, ku hau gefen kwarin nan da nan, kada ku bi hanyar ruwan da gudu, kada kuma wani ya koma ɗauko jaka. Sannan ku yanke lokacin juyowa tun kuna ƙauye, ni nakan sa ƙarfe biyu na rana, domin a cikin kwazazzabo duhu yana riga magariba sauka, kuma hawan dawowa ya fi gangarawa cin lokaci ga mutanen da suka riga suka gaji. Idan hutun Agusta ne kaɗai kuke da shi, ku je Assop ku kalla daga inda aka tanada, ku bar Farin Ruwa sai an yi girbi.