Ga 'yar'uwar da ta ce ta makale a Littafin Firistoci

Salamar Ubangiji, ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, na ajiye wayar, na kasa barci, na sake ɗauka da asuba. Kin ce tun Janairu kika ɗauki tsarin nan na karanta Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya cikin shekara, kin makale a Littafin Firistoci, ga goyo ga aiki, in kin buɗe sai gyangyaɗi ko tunanin cefane, in kin durƙusa kuma kamar da bango kike magana. Kika ce ko Allah ya yi fushi da ke ne, kuma yaya ake haɗa karatu da addu'a. Wannan kalmar ta fushi ita ta hana ni yin shiru, don ni ma na ɗauke ta a kaina fiye da shekara guda.

Ki fara sauke bashin nan tukuna. Sura 1,189 ce a cikin littattafai 66, in an raba a kwana 365 sai ta kama sura 3 da ɗoriya kullum. Mako ɗaya in ya kuɓuce miki, sura 20 da wani abu sun hau kanki. Tsarin yana da kyau ga mai sarari, ban raina shi ba, amma mutane ne suka tsara shi, babu ayar da ta ɗora miki. Ki duba Fitowa 16: manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, ta yini ce. Wanda ya ɓoye ta gobe ta yi tsutsa ta yi wari, wadda ta rage a ƙasa kuma rana na yin zafi take narkewa. Ba wanda ya fita neman ta jiya.

Ni ga abin da ya same ni. Ɗana na biyu yana da shekara 4 zazzaɓi ya kama shi, kwana 3 kacal ya tafi. A lokacin ina jegon ƙanwarsa, na yi watanni ban zauna sujadar safiya yadda na saba ba, abin yana damuna. Mutum ɗaya na gaya wa a duniya, wata da muka yi shekara 11 a zumuntar mata tare. Benci ɗaya muke zama, tela ɗaya yake ɗinka mana anko, ita ta riƙe min yaron nan ranar da muka miƙa shi a majami'a. Rana ta biyu da binne shi, tsakar gida cike da tabarmi, mata sun gama waƙa an yi tsit, tana riƙe da kofin kunu, sai ta juyo ta ce da ni, a gaban surukata da maƙwabta, wai da na riƙe bagadin gidana da Shaiɗan bai samu ƙofa ba. Ta ƙara da cewa ai ni da bakina na gaya mata na bar karatu. Takalmansa na roba suna nan bakin ƙofa inda ya tuɓe su, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukewa. Su na zuba wa ido. Ba wadda ta tsawata mata. Wata ma ta ce “hmm”, irin na yarda. Har yau in na ji ƙamshin kunun tsamiya a gidan makoki sai cikina ya juya. Da baƙuwa ce ta faɗa da na share. Amma asirin da na ba ta ajiya ta kwance a bainar jama'a, ta ɗaura min gawar ɗana a wuya, ta shanye kununta ta tafi gida. Washegari ta dawo da kwanon abinci kamar ba abin da ya faru, har tana tambayata ko na samu na runtsa.

Na ɗauki Littafina na sa a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa. Wata 14 yana can. Ina zuwa sujada hannu rabbana, ina motsa baki lokacin waƙa. Ba wai na daina ba da gaskiya ba ne. Tsoro nake ji. Duk ayar da aka karanta daga bagadi, da muryar matar nan nake jin ta.

Ku da kuke cikin wannan zauren, don Allah, in kun je gaisuwar mutuwa ku zauna ku yi shiru. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suka ɓata. A Ayuba 42:7 Allah da kansa ya ce ya husata da su don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. A Yahaya 9 almajirai sun tambaya laifin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba. Me ya sa mu muke gaggawar nemo mai laifi?

Surukata ce Allah ya yi amfani da ita. Ta zo daga ƙauye za a yi mata aikin yanar ido, ta zauna da mu. Littafinta tsohon juyi ne, irin wanda aka fara bugawa a 1932, bangon ya mutu ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Wata safiya ina shara ta ce, “Ɗiyata, zo ki ara min idonki.” Surukar mutum ba a ce mata a'a. Ta ce in buɗe Zabura 13. Na karanta layin farko da gudu don in gama in tashi, inda Dawuda yake tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi. Sai ta dafa gwiwata ta ce, “Tsaya, ɗiyata, bai gama shiga ba.” Ta maimaita layin a hankali. Sannan ta ɗaga kai ta ce, “Uba, ni ma tambayar da nake yi ke nan. Jikana fa? Ga uwarsa ta bushe a tsaye, har yaushe?” Haka ta yi wa kowane layi: in karanta, ta maimaita, ta amsa wa Allah da abin da ke cikinta. Sau 4 “har yaushe” ta fito a aya biyun farko, sau 4 ta tsaya. Aya 6 ce duka zaburar, amma har shayinmu ya huce ba mu kai ƙarshe ba. Da muka zo aya ta 5, inda yake cewa ya dogara ga ƙaunar Allah, muryata ta ƙi fita. Ta ce, “Bar su, ba inda za su. Ni zan riƙe miki su.” Ta karanto ayoyi biyun ƙarshe da ka.

Ranar na gane ashe shekara da shekaru ina raba abu ɗaya gida biyu. In yi karatu kamar mai shirin jarrabawa, in rufe, sannan in jero wa Allah buƙatuna. Ita kuwa tsohuwar hira take yi. Ya faɗa, ta amsa. Abin da ake kira bimbini ke nan, ni da na ɗauka wani babban abu ne na masu makarantar tauhidi.

To ki bar Firistoci yanzu, ba zunubi ba ne. Ki koma Markus, sura 16 ce, labari ne mai tafiya. Kada ki ɗauki sura guda, ki ɗauki abin da ke ƙarƙashin kan magana ɗaya, ko aya 5 ce. Ki karanta da murya, ko da raɗa ne, don ido kaɗai yana zamewa. Kuma ki karanta da harshen da kike kuka da shi. Ni na yi shekaru ina fama da na Turanci don kada a ce ban waye ba, alhali da Hausa zuciyata take ji. In tsohon juyi ya yi miki nauyi akwai sababbi masu sauƙi. Kafin ki fara, roƙon Zabura 119:18 ya isa, ya buɗe idonki. Inda kalma ta riƙe ki, ki tsaya nan, ki gaya masa abin da ta tayar. In tunanin cefane ne ya zo, kada ki yi ta kokawa da shi, ki ce, “Uba, ga kuɗin miya bai kai ba,” ki koma kan ayar. Shi ma addu'a ne.

Zabura 55 kuwa mako guda cur na yi a kanta. Daga aya 12 zuwa 14 yana cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke tafiya Haikalin Allah tare. Na kira sunan matar nan a gaban Allah, na faɗi maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba. Bai kore ni ba. A wannan zaburar dai aya ta 22 take, ta a ɗora wa Ubangiji kaya. Akwai ma Zabura 88 da ta ƙare a cikin duhu, babu ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a Littafinsa.

Batun barci, ke mai goyo ce. Na san Markus 1:35 ya ce Yesu ya tashi tun da sauran duhu, kuma asuba tana da daɗi in ta samu. Amma a 1 Sarakuna 19 da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika abinci da ruwa ya kawo masa, ya ci ya sake kwanciya. In lokacin da jariri ya yi barcin hantsi ne naki, ki riƙe wannan lokacin. Ni na takarda nake buɗewa, don in na ɗauki waya saƙo ɗaya ya isa ya ɗauke ni. In kina da ɗan littafin ibada irin Abincin Yini, ki fara karanta nassin da kanki kafin bayanin. Kuma kada ki riƙa rufe ido kina dangwala yatsa a kan aya, ba duba muke yi ba. Firistoci za ki dawo masa, ki haɗa shi da Ibraniyawa 9 da 10, hadayun za su fara yin ma'ana. Umarnin ƙaunar maƙwabci kamar kai ma a can yake, 19:18.

Kada ki ɗauka kullum nake jin wani abu. Akwai safiyar da nake rufewa yadda na buɗe. A irin ranakun Romawa 8:26 nake jingina da ita, cewa Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya faɗa. Amma in nauyin ya wuce na karatu, kina kuka ba dalili tun haihuwar, abinci ba ya shiga, ki je asibiti ki faɗa, ki kuma gaya wa maigidanki. Sai dai ki duba wa kike buɗe wa ciki a zumunta. Ki duba da kyau.

Matar nan har yau ba ta ce in yi haƙuri ba. Muna gaisawa. In muna Addu'ar Ubangiji muka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, wani lokaci ina faɗa, wani lokaci ina tsayawa in ce masa ban kai ba tukuna, ya taimake ni. Surukata ta rasu bara, Littafinta yana wurina. A gefen Zabura 13 akwai tabon manja daidai girman babban yatsanta. Sai da na yi wata 5 bayan waccan safiyar kafin na iya karanta aya ta 5 da ta 6 da bakina.